Kofin Ruwa a Kan Inji

Na daɗe ina gyaran mota a bakin tashar Anka, kuma abu guda aka san ni da shi: saita silo, wato yadda inji ke numfashi a hankali in direba ya ɗage ƙafa daga totur. Ban yi boko ba, kunne gare ni. In na gama juya ƙusar kafireto, sai in ɗora kofin shayi cike da ruwa a kan inji. In ruwan bai motsa ba, aiki ya yi. Direbobin Gummi har kewaye ni suke yi su sha kallo.

Sai taubashina, ɗan ƙanin Inna, ya sayar da gonarsa ta fadama ya sayo mota irin ta yanzu, mai injekta, yana jigila tsakanin Bukkuyum da Anka. Tun muna yara ba mu gaisawa sai da tsiya. Bawa yake ce mini, ni kuma in ce masa raggo. Bai daɗe da motar ba ta fara mutuwa duk sanda ya rage gudu a bakin rami. Hanyar nan kuwa kowa ya san ta, akwai dajin da ko fitsari ya matse mutum ba ya cewa a tsaya. Fasinjoji suka fara gudun motarsa.

Ya kawo mini ita da hantsi, yana cewa ga aiki nan, bawa, a yi maza kafin ubangida ya yi fushi. Na buɗe bonet na tsaya. Ba ƙusar da zan juya, wayoyi ne kawai birjik. Na canza fulogi. Na wanke nozul da fetur. Na ɗora laifi a kan man 'yan bumburutu, muka juye tanki. Na cire kan batir na mayar, don na ji ana cewa haka ake yi. Inji dai ya hau, ya sauka, ya yi kamar zai shaƙe.

Wani direba ya ce a kawo kofi mana. Da gaske yake, ba ba'a ba. Na ɗora. Ruwan ya fantsale mini a gaban riga, kofin ya gangara ya faɗi ƙarƙashin mota. Aka yi dariya, ba da yawa ba.

Taubashin ya ja ni gefe, ya ce, "Tsakaninka da Allah, ka iya ta? Abincin iyalina na cikin wagga mota."

Na ce, "Ban iya ta ba."

Gusau ake da masu na'ura. Don kada ta mutu mana a daji, na ɗaura igiya a hannun totur, na zaro ta ta gefen bonet zuwa tagar gaba. Duk inda taubashin ya taka birki, sai in ja kaɗan. Haka muka fita tasha a gaban kowa, ni da igiya a hannu kamar mai jan akuya.

A can wani mutum ya jona na'urarsa ƙarƙashin sitiyari, ya duba, ya kwance wani ɗan abu a gefen totur wanda ya toshe da baƙin datti. Ya wanke ya mayar. Ya yi wa taubashin bayani cewa irin waɗannan, ƙwaƙwalwar motar ce ke saita silo da kanta. Ni kuwa ya ba ni benci, ya ce Baba ya zauna ya huta, a zatonsa fasinja ne. Na tura hannuwana cikin aljihu saboda baƙin faratana. Daga inda nake zaune na ji injin ya kwanta lafiya lau. Kunnena bai mutu ba.

A hanyar dawowa na shirya wa tsiyar taubashin. Na san abin da ni zan faɗa in shi ne a matsayina. Har muka wuce dajin bai ce komai ba, sai labarin ruwan bana da shinkafa. Da muka iso gareji ya naɗe igiyar da kansa ya miƙo mini, ya ce, "Sannu da ƙoƙari, Yaya."

Bai taɓa ce mini Yaya ba. Har yau bai koma ce mini bawa ba, ni kuma ban san yadda zan roƙe shi ba.