Rabin Hannu a Bangon Kelemen

A ƙauyensu Kelemen, can kan tsaunukan da ke arewa da tafkin Balaton, babu gidan da ba shi da alhakin Kango a wuyansa. Kango shi ne abin da ya rage na tsohuwar fadar da ke bisa tsaunin. Abin da ya sa bai rage da yawa ba kuwa, kakannin mutanen ƙauyen ne suka yi ta sauko da duwatsunsa a amalanke, wannan ya gina kicin, wancan ya yi garken awaki, wani ya tare ƙasar gonar inabinsa. Yau jikokinsu ne ke tsayawa gaban baƙi suna girgiza kai, wai yaƙi ne ya cinye fadar.

Akwai wani jan dutse guda ɗaya a cikin baƙaƙen duwatsun bangon ɗakin ƙasa inda Kelemen ke ajiye gangunan giyar inabi. An sassaƙa hannun mutum a jikinsa, tun daga gwiwar hannu har yatsu, amma daidai inda abin da hannun ya riƙe zai fara, nan dutsen ya karye. Kakansa ya taɓa nuna masa shi ya ce, "Hannun kakan kakanmu ne wannan, shi ya sa aka kawo shi gida." Tsohon bai ƙara ko kalma ba har ya mutu.

Kelemen ya gaji gonar, ya auri Etelka, ya yi furfura, tambayar tana nan daram: me hannun nan ya riƙe? Shi dai a ransa takobi ne. Mutumin da za a sassaƙa hannunsa a fada ai ba cokali zai riƙe ba. Amma zato daban, sani daban, kuma Kelemen irin mutanen nan ne da ba sa iya wuce rufaffiyar tukunya ba su ɗaga murfin ba.

Don haka duk shekara, da zarar an gama matsar inabi an toshe ganguna, sai ya goge takalmansa ya fara bin tsofaffin fadoji. Etelka takan naɗe musu burodi da cuku da jan barkono a ƙyalle, tana yi tana mita.

"Yau kuma wane kangon za mu je gaisarwa, tsoho?"

"Sumeg."

"Ba mun je bara ba?"

"Bara gwiwarki ta hana ni dubawa da kyau."

"Ji shi! Gwiwata ce ta hana ka, ko giyar da aka ba ka ɗanɗano a gindin tsaunin?"

Duk da haka ba ta taɓa barinsa ya tafi shi kaɗai ba. Su hau bas, su sauka, su kama hawan tsauni yana gaba tana baya tana haki. In an isa sama, kowa ya juya wajen tafki da gonakin inabi yana ɗaukar hoto, shi kuwa Kelemen ya ba su baya ya shiga bin bango. Duk inda aka sassaƙa mutum, a kan kabari ne ko a bakin ƙofa, fuskar ba ta dame shi ba, hannu yake dubawa. Wata rana har wata mai yi wa baƙi jagora ta durƙusa kusa da shi ta ce, "Baba, tabarau ne ya faɗi?"

A haka ya lura da wani abu da ya dagula masa lissafi. Duk hannun da ya riƙe takobi dunƙule yake, babban yatsa ya naɗe sauran. Na bangonsa kuwa babban yatsan a miƙe yake. Ya duba masu riƙe mabuɗi, masu riƙe tuta, masu riƙe linzami, babu wanda ya dace. Da ya tsaya ya daɗe gaban sassaƙar wani bishop, babban limamin coci, mai sanda, Etelka ta ja shi da hannun riga.

"Mu tafi. In dai wannan ne kakan naka, akwai bayanin da zai yi, tunda su ba sa aure."

A ƙauye ma bai bar kowa ya huta ba. Ya leƙa bangon kowa yana neman jan dutse, har murhun matar mai gidan burodi. Maƙwabcinsa Barna, wanda gonarsa ke ƙasa da tasu, in ya hango shi sai ya cire hula ya rusuna.

"Ranka ya daɗe, jikan sarkin yaƙi! Yau za a yi feshin inabi, ko sai an dawo daga fagen fama?"

"Ka yi dariyarka. Naka kakan ai dutsen masai aka bar masa."

Wata shekara, lokacin datse rassan inabi, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da gari ya washe Kelemen ya sauka duba katangar da ke tare ƙasar matakin ƙarshe na gonarsa mai hawa-hawa, inda tsofaffin itatuwan inabin suke, waɗanda suka girme shi kuma suke ba da giyarsa mafi daɗi. Wani ƙaramin dutse ya zame daga gindin katangar ya bar rami. Ya sunkuya zai mayar da shi, sai ya hango ja a can ciki.

Ya sake leƙa ramin. Shekara da shekaru yana biyan bas yana hawan tsaunukan mutane, ashe abin yana gindin gonarsa, yana taka shi kullum.

Ya ruga ya ɗauko diga. Kafin ya dawo, Etelka ta riga ta hau katangar ta zauna, ta baje siket ɗinta.

"Sauka."

"Sai dai ka ɓanɓare har da ni. Dutsen nan shi ke ɗauke da katangar. Ka zare shi, itatuwan nan da ƙasarsu duk su tafi gonar Barna."

"Ina maraba da su!" in ji Barna daga ƙasa, don tuni ya jingina da shingensa yana kallo.

Kelemen ya dubi katangar, ya san gaskiya ta faɗa. Ya dubi itatuwan, ya dubi ramin. Bai taɓa jin yana son abu kamar yadda yake son juya dutsen nan ba, kuma ya tsorata da ya ji har yana auna ko itatuwan sun kai a fasa saboda su.

"Kai, da ido kaɗai ake gani?" Etelka ta ce, muryarta ta sauko. "Sa hannu mana."

Ya kwanta a taɓo, kumatunsa manne da katanga, ya zura hannu har kafaɗa. Sassaƙar tana kallon ƙasa, amma akwai 'yar kafa. Ya lalubo bakin karayar. Ya ji kan yatsu. Ya ji ƙota, gajera, gajera ƙwarai. Ya bi ƙarfen da yatsa yana jiran ya miƙe ya yi tsawo, sai ya ji ya lanƙwashe kamar lauje ya ƙare. A bakin lanƙwasar akwai wasu 'yan dunƙule-dunƙule a cure wuri ɗaya. Bai buƙaci a faɗa masa ba. Wuƙar yankan inabi ce, da nonon inabi a bakinta.

Ya daɗe a kwance bai zaro hannun ba. Ya ji haushi, ba zai ɓoye ba, haushi mai zafi irin na wanda aka yi wa alkawari aka saɓa. Sannan wani abu ya biyo bayan haushin wanda ya sa idonsa ya cika, don ya tuna cewa wani ya zauna da guduma ya sassaƙa wannan hannun, aka ɗauke shi aka kai bisa tsauni aka sa a bangon fada.

"Takobin ne?" Barna ya ɗaga murya. "In cire hula?"

Kelemen ya tashi zaune, rabin fuskarsa taɓo. Bai kula Barna ba, matarsa ya duba.

"Manomin inabi ne, Etelka. Shekara ɗari nawa, ko kunyar gona ɗaya ba mu matsa ba."

Ta sauko daga katangar a hankali saboda gwiwarta, ta goge masa kumatu da bakin gyalenta.

"Mu matsa zuwa ina?" ta ce. "Riƙe nan, in miƙo maka ƙaramin dutsen mu toshe kafin ruwa ya dawo."