Gitar da Na Zaɓa a Bidiyo

Ni na zaɓi gitar bes ɗin da cocinmu na Kafanchan ya saya a shekarar da citta ta yi kyau, kuma ban taɓa riƙe irinta ba kafin ta iso. A waya na gan ta. Akwai wani shago kusa da tasha inda ake cajin waya, ana kuma zuba wa mutane waƙoƙi da finafinai a memori. A nan na roƙi mai shagon ya sauke mini duk bidiyon da ya samu na Turawa masu gwada gitar bes, wato mai kaurin murya, don albashin malamin firamare ba ya ɗaukar sayen data kullum. Yawancin waɗanda ya zuba mini a kan gita ɗaya suke magana, wata baƙa mai tsirkiya biyar, kuma bakinsu ɗaya. Ba ta da nauyi, wuyanta siriri ne, muryarta na fita tas, akwai ɗan batir a bayanta da ke ƙara mata ƙarfi, kuma yakan yi watanni bai mutu ba. Na kalle su har na haddace inda ɗaya daga cikin Turawan yake ɗaga gira.

Wanda ya koya mini bes shi ne Baba, tsohon makanikin reluwe, maƙwabcinmu. Ya fi shekara ashirin yana kaɗa tsohuwar gitar coci, wata mai nauyi kamar turmi, har yatsunsa suka fara ƙin lanƙwasuwa ya ce lokaci ya yi da zan karɓa. Ramin da ake sa wayar da ke haɗa tsohuwar gitar da amfilifaya ya daɗe da sakwarkwacewa, sai Baba ya ɗaure wayar da robar tayar keke, ya kafa doka cewa ba mai cire ta. Dokar ta zauna. In an gama sujada sai a jingine gita da wayarta a jiki, a rufa mata zane. Matan da ke shara ranar Asabar ma kewaye wayar suke yi da tsintsiya.

Ranar da na kai maganar sabuwar gita gaban dattawan ikilisiya, wani dattijo mai sayar da taki ya dube ni ta saman gilashinsa.

"Malam, wannan gita, ka taɓa shi da hannun ka?"

Na ce a'a, amma masana sun gwada ta, na kuma miƙa masa wayata. Bai karɓa ba. Ya ce shi bai taɓa sayen akuya a hoto ba. Aka yi dariya, na fara ɗaga murya. Sai Baba ya miƙe a hankali, yana dafa benci.

"Ni na koya masa," in ji shi. "In ya ce wannan ne, ku saya. In ya lalace, ku zo wuri na."

Maganar ta ƙare a nan. A unguwarmu in aka yi rikicin iyakar gona, Baba ake kira, abin da ya faɗa kuma shi ke nan, don ba a taɓa kama shi ya tsaya wa abin da ba shi ba ne. Zumuntar mata suka haɗa cittarsu aka sayar, aka yi odar gitar, ta iso a motar haya cikin kwali. A makon nan aka ba wani ƙaramin coci a wajen Gwantu tsohuwar, kuma ni na kawo shawarar, don ina ganin mun wuce wurin.

A cocinmu ba a kaɗa sabon kayan kiɗa a sujada sai fasto ya yi addu'ar keɓe shi. Aka sa ranar keɓewa ta zama Lahadin godiyar girbi, saura mako uku da 'yan kwanaki. Kafin nan a wurin koyon waƙa kawai zan riƙa taɓa ta.

Gaskiya a ranar farko masu bidiyon ba su ba ni kunya ba. Ba ta da nauyi, yatsuna na gudu a wuyanta. Muryar ba ta kai ta cikin bidiyo ba, don su ba su da janaretanmu mai gurnani a bayan taga, amma ta fi tsohuwar nesa. Baba ya ɗora tafin hannunsa a kan sifika, ya rufe ido, ya gyaɗa kai. Da muka tashi na jingine ta da wayarta a jiki, na rufa mata zane kamar yadda aka saba.

A rana ta tara na zo coci da wuri don in ɗan kaɗa ni kaɗai. Na taɓa tsirkiya sai na ji ƙara kamar ana suyar ƙosai, sautin ya dusashe, ya ɗauke. Na canja waya, na duba amfilifaya, duk lafiya. Na kwance notuna huɗu ƙanana da ke riƙe murfin bayanta, na ciro batirin, na ɗora a harshe don in ji ko da sauran caji. Ko motsi. Na hau mashin zuwa kasuwa, na sayi sabo a shagon wani Alhaji mai kayan lantarki, na sa, ta dawo da rai. Na ce wa kaina wanda ta zo da shi ne ya tsufa a hanya.

Bayan kwana takwas, ana tsakiyar koyon waƙa, ta sake fara suyar. Na yi maza na rage murya na ce janareta ne. Baba ya juya ya dubi taga. Washegari Litinin na koma wurin Alhaji, ya ce masu kyau sun ƙare, coci-coci sun kwashe saboda makirufo, sai ƙarshen mako. Ya ba ni wani mai araha da ƙura a jikinsa, ya kuma gaya mini gaskiya cewa bai yi mini alkawarin komai a kansa ba. Na sa shi a ɓoye.

Daga nan na daina samun natsuwa. Batirin da aka ce yana watanni, ga shi ba ya cika kwana goma, to lallai gitar na da ciwo a ciki, kuma cittar matan nan ta tafi a banza saboda taurin kaina. Kowace safiya hanyata ta makaranta ta ƙofar Baba take bi. Zan same shi a kujerarsa da rediyo, in rusuna in gaishe shi.

"Malam, yaya amaryar mu?" Haka yake kiran gitar.

"Lafiya lau, Baba."

Kunya nake ji, da tsoro, da wani haushi da ban san wa zan ɗora wa ba. Na yi ta shirya maganar a raina tun daga gida, in na iso ƙofarsa sai in gaishe shi in wuce. Dabarata ita ce in sa sabon batir mai kyau ranar Asabar, a wuce keɓewa lafiya, sauran kuma a gani daga baya.

Ranar Asabar na samu batirin. Na isa coci da yamma na tarar zumuntar mata sun riga ni. Sun naɗe gitar da farin yadi, sun ɗaure da ribon, sun kwantar da ita a tebur gaban bagadi, wayarta na leƙowa ta ƙarƙashin yadin zuwa amfilifaya. Na matsa kusa, shugabar zumunta ta tare ni da hannu.

"Malam, kar ka taɓa. Sai fasto ya yi addu'a."

Na ce zan ɗan duba wani abu ne. Ta tambaye ni ko akwai matsala. Mata wajen goma suka dakata da aiki suna jiran amsata. Na ce babu. Na tsaya ina kallo har mai gadi ya kulle ƙofa.

Ranar Lahadi na shiga coci da batir a aljihun dama, ƙaramar sukudireba a na hagu. Coci ya cika har waje. Ga buhunan citta da doya da acca a gaba, ga kaji a ɗaure, ga baƙin mawaƙa da aka gayyato daga Samaru Kataf sun cika benci biyu. Minti uku kawai nake bukata da gitar nan, ba kowa a kusa. Na sa rai da lokacin baiko, sa'ad da kowa ke rawa zuwa gaba. Na bi layi, na zuba nawa, na ratsa ta gefen teburin, sai na ga shugabar zumunta tsaye a kansa tana gyara ribon. Ta yi mini murmushi, na wuce.

Na koma na zauna kusa da Baba. Ya dube ni.

"Kana zufa, Malam. Tsoro ne?"

Batirin na danna mini cinya. Kalma biyar sun isa, kuma da ya san yadda zai yi. Na ce, "Zafi ne, Baba."

Fasto ya yi doguwar addu'a, aka kwance yadin, mata suka rangaɗa guɗa. Fasto ya kira Baba ya ɗauki gitar ya miƙa mini a gaban kowa, wai tsoho ya miƙa wa sabo. Na rataya ta, mawaƙa suka tashi, mai ganga ya ba da alama. Baitin farko ya tafi daidai. Na ji sautin yana bi ta ƙasa yana shiga ƙafafuna, na ga tsofaffin mata suna duban juna suna gyaɗa kai, har na fara cewa a raina na tsira. A tsakiyar baiti na biyu suyar ta fara. Na sassauta hannu, ta ƙaru. Kafin amshi sifika ta yi wani kuka mai muni, yara suka toshe kunne, sannan shiru.

Abin da har yau nake jin kunyarsa shi ne ban tsaya ba. Yatsuna suka ci gaba da tafiya a kan tsirkiya, ina kaɗa abin da ba mai ji. Matar da ke buga tukunyar kiɗa ta zumunta ta ƙara ƙarfin hannu don ta cike gurbin, da haka aka ja waƙar har ƙarshe. Da aka gama ba wanda ya tafa. Na ɗaga kai na ga ba ni ake kallo ba, Baba ake kallo. Dattijo mai taki ya cire gilashinsa yana gogewa.

Baba ya taso, ya karɓi gitar daga wuyana, ya juya bayanta. Ya daɗe yana dubawa, ya shafa da babban yatsa, ya mayar mini. Sannan ya fuskanci jama'a.

"Ku yi haƙuri. Ni na ce a saya. Laifi na ne."

Ina tsaye a bayansa da batir a aljihu.

Ranar Litinin na sayi data, na buɗe bidiyon a intanet, karo na farko ke nan. A ƙarƙashinsa na ga abin da ba ya biyo bidiyo cikin memori: rubutun mutanen da suka sayi gitar suka zauna da ita. Da yawa suna sonta. Wasu na kukan cewa wuyanta na motsi in damina ta yi nisa, wasu na tsine wa murfin nan mai noti huɗu. Kuma a wurare da dama ana maimaita abu ɗaya, cewa in ka gama kaɗawa ka cire wayar, don muddin tana jiki batirin na aiki ko ba a taɓa gitar ba. Masu bidiyon ba ƙarya suka yi ba. Yini ɗaya suke yi da gita a ɗaki mai sanyi su mayar da ita kwali, kuma a wurinsu cire waya ba abin faɗa ba ne. Na zage su duk da haka, ni kaɗai a ofishin malamai.

Amma daɗi ya fi yawa, don gitar lafiyarta ƙalau. Ana tashi daga makaranta na nufi gidan Baba. Na same shi a tsakar gida yana tsaga citta da wuƙa yana shanyawa a tabarma. Na durƙusa, na nuna masa wayata, na yi ta bayani ba numfashi: batir, waya, dokarmu ta tsohuwar gita. Ya saurara har na gama.

"To, gita ba shi da ciwo ke nan."

"Ko kaɗan, Baba."

"Na ji daɗi. Mata ba su yi asara ba." Ya ɗauki wata citta ya tsaga. "Noti huɗu na bayan shi, kan su ya cinye. Sabon abu kuwa. Sau nawa ka buɗe?"

Na ce sau biyu.

"Na farko yaushe?"

Na faɗa masa.

"Kuma kullum da safe kana wucewa nan." Bai ɗaga murya ba, bai ma ɗaga kai ba. "Da ka gaya mini, da mun zauna mun nemo. Ko ba mu samu ba, da na je wurin dattawa da ƙafa na kafin Lahadi, ba a gaban baƙi ba."

Na roƙe shi gafara. Na ce zan tashi a coci in faɗi yadda aka yi. Ya ce in tashi in ina so, wannan tsakanina da su ne, shi kam ya yafe.

Na tashi kuwa Lahadin da ta biyo. Mutane suka yi ta dariyar batir, shugabar zumunta ta ce da na faɗa mata da ita da kanta za ta riƙe mini sukudireba. Aka soke dokar waya. Gitar tana nan har yau, na san halinta na rani da na damina, kuma ba ta sake ba ni kunya ba.

Shekara ta zagayo, shugaban mawaƙanmu ya samu canjin wurin aiki zuwa Kauru, dattawa suka zauna neman wanda zai riƙe maɓallin ɗakin kayan kiɗa ya kuma jagoranci ƙungiyar. Sunana ya fito, aka kira ni ciki. Fasto ya juya wurin Baba ya ce shi ya fi kowa sanina, me ya gani?

"Yana kaɗa bes da kyau," in ji Baba.

Dattawa suna jiran sauran. Ni ma ina jira. Bai ƙara komai ba.