Gaida ruwa a gadar Treichville

Bas ɗin da muka shiga a unguwar Adjamé yana hawa gada, sai kawai na ji bakina ya ce da ƙarfi, "Sannu ruwa!" 'Yata ta sunkuyar da kai don kunya.

Shekara ashirin rabona da Abidjan, sai wannan hutun. Muna yara, duk Lahadi marigayi Babanmu, lebura a tashar jirgin ruwa, yakan sa mu a bas ya ce yau za mu zaga tsibiri. Tsibirin kuwa unguwarmu ce dai, Treichville, wadda sai ta gada ake shiga da fita. Dokarsa ɗaya ce: a kan gada kowa ya gaida ruwa.

Wani dattijo a bayana ya leƙo. "Ruwa na amsawa. Ke 'yar Idi Dogo ce?"

Na ce, "Ni ce, Baba."

Ya yi dariya. "Tare muka yi aiki. Tsoron gadar nan yake kamar me! Shi ya sa yake sa ku surutu, kada ku lura jikinsa na rawa."

Ni kuwa duk shekarun nan na ɗauka don kada in tsorata yake damƙe hannuna.

A dawowa, 'yata ce ta fara gaida ruwan.

Ku fa, wane tsoro iyayenku suka ɓoye muku?