Baƙin da Ya Fito a Kan Auduga

Har yau ranar da na taɓa allon Hajiya Uwale ba ta fita daga raina ba, shi ya sa nake ba ku labarin kafin ku fara riƙe auduga. A lokacin watana huɗu a shagonmu na Gyadi-Gyadi, inda muke gyaran tsofaffin zane-zane da hotuna. Na gama digiri a kimiyyar sinadarai, amma matsayina mataimaki ne a ƙarƙashin Malam Tijjani, mai shagon.

Hajiya ta zo daga Unguwar Gano da allon zayyana na mahaifinta, wanda ya rubuta da hannunsa lokacin saukarsa. Allon ya shekara da shekaru rataye kusa da madafa, hayaƙi da maiƙo sun rufe shi. Ta ce so take jikokinta su ga rubutun.

Abin da muka saba wanke irin wannan dauɗa da shi a zanen fenti shi ne ruwan da aka ɗiga wa tirayitanolamin, wanda muke ce wa amin a taƙaice. Ruwa ne mai ɗan kauri, kuma aiki biyu yake yi, in na fahimta daidai. Yana riƙe ruwan wankin kada ya karkata ya yi tsami, sannan yana sa maiƙo ya yarda ya haɗu da ruwa ya taso. Ƙa'ida ita ce a ɗauki hoto, a gwada a wurin da babu komai, a rubuta abin da aka gani.

Ranar Talata Malam ya tafi gaisuwar rasuwa Hotoro, ya ce in yi gwajin kawai. Na zaɓi can ƙasan allon, inda ya yi baƙi ƙirin, don ina ganin itace ne zalla. Na naɗe auduga a tsinke, na jiƙa ta kaɗan, na mirgina sau uku. Ta fito baƙa, na ji daɗi. Da na kara gilashin ƙara girma sai na ga haruffa ƙanana guda huɗu sun bayyana, da wata inuwa a wurin na biyar.

Na duba hoton da na ɗauka, babu abin da ya nuna sai duhu. Na duba audugar. Na kasa gane ko dauɗa na ɗebo ko tawada.

Da Malam ya dawo bayan azahar ya daɗe yana kallon wurin. Ya ce, "Sadiƙu, da me ake yin tawadar allo?"

Na ce, "Ina jin da baƙin tukunya ne da ƙaro, Malam."

"Dauɗar fa?"

"Hayaƙi."

"To, amin ɗinka ya yi makarantar allo ne da zai bambanta su? Tawadar nan don a wanke ta da ruwa aka yi ta. Ni ma ya kamata in tuna maka."

Na tambaye shi ko ni na goge harafin. Ya ce mai yiwuwa, kuma mai yiwuwa ya daɗe da kankarewa, tun da nan ne inda allo ke gogar ƙasa in an jingine shi. Ya ce tun da hannuna ne ya taɓa, bakina ne zai yi bayani.

Washegari Hajiya ta zo. Kafin in ce komai ta sunkuya ta sa tabarau, ta ce, "Allahu Akbar, Haruna. Sunan babana ne. Rabona da ganinsa tun ina budurwa." Sai ta hau sa mini albarka.

Na ce, "Hajiya, harafin ƙarshe babu shi. Ina tsoron ko ni ne."

Ta ce, "Ɗan nan, fito da sunan ka yi ko goge shi ka yi?"

"Wallahi ban sani ba. Wataƙila duka biyun."

Sai ta tambayi inda audugar take. Da na nuna mata, sai ta ce a ba ta ta jiƙa ta sha, ai ko ba komai hannun babanta ne. Malam ya ce, "A'a Hajiya, akwai magani a jiki, kada mu ƙare a asibiti." Ta ce to ba za a jefa ta a shara ba. Muka naɗe mata a takarda, ta ce za ta binne a gida.

Sauran allon ba mu sa masa ruwa ba. Burushi mai laushi kawai muka bi shi da shi, don haka ayoyin suna nan dishi-dishi, jikokin sai sun matso za su karanta. Hajiya ta ce hakan ya ishe ta.

Abin da na koya shi ne, kafin ka tambayi abin da sinadari zai cire, ka tambayi da me aka yi abin da kake so ya tsaya, kuma kada ka yarda wani wuri fanko ne don ya yi baƙi. A takardar aikin, wurin sakamakon gwaji, na rubuta cewa haruffa huɗu sun fito, na biyar ba a tabbatar ba. Malam ya karanta ya sa hannu, bai gyara komai ba.