Motar da Inusa Ya Ba Kanwa

Inusa ƙanen kakata ne, kuma a zamaninsa shi kaɗai ne ɗan Matameye mai mota tasa ta kansa. Tsohuwar kamiyo ce, wato babbar motar ɗaukar kaya, ta wani Bafaranshe mai sayen gyaɗa, wanda Inusa ya yi wa tuƙi shekara bakwai. Da Baturen zai koma gida, ya bar masa ita. Kada ka ce kirki ne, mai saye ya rasa.

Uban Inusa kiwon dawaki yake, a barga Inusa ya tashi. Tuƙi ya iya, amma Baturen bai taɓa bari ya leƙa cikin inji ba. To, da mota ta zama tasa, sai ya riƙe ta riƙon doki. Ya ajiye ta a inuwar tsamiya, ya goge ta safe da yamma. Duk Juma'a kuma ya jiƙa jar kanwa ya zuba a tankin ruwanta, wai ta wanke mata ciki. Matarsa Baiwa takan ce, "Malam, saura ka yanko mata harawa." Shi ko a jikinsa.

A kaka ta uku, sun ɗauko gyaɗa daga Dungu, inji ya soma tari, tururi ya turnuƙe. Da bijimai aka jawo ta gida.

Alhaji Ummaru, wani attajirin Damagaram, ya zo da makanikensa Isufu. Isufu ya kwance inji, ya ɗago wani ƙarfe duk ya zagwanye, fari fat da gishiri-gishiri.

"Wa ke zuba mata kanwa?" in ji Isufu.

"Ni ne," in ji Inusa, har da ɗan alfahari.

"To, wallahi kai ka cinye ta."

Kakata ta ce ba ta taɓa ganin fuskar namiji ta mutu a tsaye ba sai ran nan.

Alhaji ya yi masa tayi mai kyau: ya ba shi gawar motar a ciri abin da zai ciru, shi kuma ya riƙa tuƙa sabuwar kamiyon Alhaji. In kuwa gyara yake so, sai an aiko da ƙarfen daga Kano, Allah kaɗai ya san yaushe. Baiwa ta roƙe shi har da hawaye. Ya ce, "Ni na cuce ta, ni zan yi jinyarta."

Taurin kai ne, na sani, amma na kasa ganin laifinsa.

Yaƙin Turawa ya taso, aka rufe iyaka. Ƙarfe bai zo ba. Alhaji ya ɗauki wani direba. Shekara biyar Inusa yana goge motar da ba ta motsi, gara na cin katakonta, rumbunsa na ƙarewa. Da abin ya kai ga Baiwa tana surfe a gidajen mutane, ya kira maƙeran garin Dawce, ya sayar musu da motar su sassare ta. Ya ce su zo ranar da zai tafi Yauri, kada ya gani.

Bayan kwana uku babban maƙerin ya kawo masa hauya ɗaya daga ƙarfenta, kyauta. Inusa ya karɓa hannu biyu, ya daɗe yana shafa bakinta. Sannan ya tambayi maƙerin, murya ƙasa-ƙasa, ko motar ta sha wuya.