Malam Rufa'i da Darasin Hakimi

Malam Rufa'i mutumin wani ƙauye ne kusa da Sarandosa, kuma bai taɓa neman zama malamin boko ba. Lokacin da Turawa suka ce kowane dagaci ya aiko da ɗansa makaranta, dagacinsu ya dubi 'ya'yansa ya ga duk yana son su, sai ya aika da Rufa'i, ɗan mai yi wa dokinsa ciyawa. Bayan shekaru ya dawo da farar riga, aka nuna masa rumfar zana a bakin kasuwar Jega aka ce ita ce makaranta. Gonar ubansa kuwa yayyensa sun riga sun raba. Ba mugunta ba ce, sun ɗauka wanda Nasara ya ɗauka ba ya dawowa.

Yaran da ya samu duk irinsa ne, 'ya'yan barori da na 'yan kasuwa. Ɗan sarauta ɗaya ne, Magaji, ɗan wani dagaci daga wajen Maiyama, wanda ubansa ya kawo don gida ya huta. Amma ganin Magaji a rumfar ne ya sa sauran iyaye suka bar nasu.

Wata shekara Baturen makaranta ya zo rangadi. Ya ce a koya wa yara yadda ake mulkin ƙasa: mai unguwa yana ƙarƙashin dagaci, dagaci ƙarƙashin hakimi, hakimi ƙarƙashin sarki, sarki kuma, nan Baturen ya yi tari, yana shawara da Razdan, babban Baturen lardi. Ya ce kada a yi hadda, yara su kwaikwaya da kansu. Da zai hau doki ya ƙara da cewa in ya dawo bayan damina ya tarar rumfa ta ragu, za a rufe ta. Malam ya ce to. Ba shi da inda zai koma.

Ya yi darasin ran kasuwa. Ya ba wanda ya fi amsa tambaya hakimci, ya faɗa kan Sahabi, ɗan Attahiru mahauci. Aka zaunar da shi a kan buzun Malam. Magaji bai amsa komai ba, saboda haka ya zama talaka mai kawo ƙara. Ya tuɓe takalmi, ya zube ƙasa, ya ce, "Ranka ya daɗe." Sauran yara suka ɗauka gaba ɗaya, "Hakimi ya gaishe ka!"

Zana ba bango ba ne. Kafin kasuwa ta watse, labari ya hau jakuna ya nufi Maiyama.

"Malam, mi ya kai ka?" in ji matarsa Dije, tana miƙa masa ruwa. "Duk karatun nan babu inda aka ce ɗan mahauci ba shi hawa buzu?"

"Wasa ne, Dije. Bature ya ce a yi."

"To, shi Baturen ina ya kwana? Kai dai nan za ka kwana."

Washegari bawan dagaci ya zo ya tafi da Magaji, ko sallama bai yi ba. Iyaye suka bi sahu. Attahiru mahauci ne ya zo daga ƙarshe, gumi ya jiƙa masa taguwa.

"Allah gafarta Malam, mi na yi maka? Gidan dagacin nan ni ka kai musu nama tun zamanin ubana. Yanzu da wane ido zan shiga?"

"Yaronka yana da kai, Attahiru."

"Shi nika son ya zauna bisa wuyanshi." Ya kama kunnen Sahabi suka fita.

Malam ya zauna kwanaki shi da allo. Daga nan ya ɗauki sanda ya tafi Maiyama a ƙasa. A zauren dagacin ya tuɓe takalmi ya zube, daidai yadda ya koyar. Dagacin ya ci gaba da maganar gero da mutanensa, sai da gwiwoyin Malam suka mutu sannan ya waiwayo.

"Au, Malam ne? Ina hakimin naka?"

Aka yi dariya, Malam ma ya taya. Da aka gama, dagacin ya ce Magaji zai koma, muddin ɗan mahaucin bai sake taka rumfar ba. Malam ya yi godiya.

Magaji ya dawo, sauran suka biyo shi. Sahabi ya koma fawa, kuma Malam ya daina bin layin mahauta, ya riƙa zagayawa ta wajen masu gishiri ko da hanyar ta fi tsawo.

Bayan damina Bature ya tarar rumfa cike. Ya nemi a nuna masa darasin. Malam ya jera albasar Aliero a kan tabarma, babba ita ce sarki, ƙanana talakawa, ya riƙa kifa ƙaramar a gaban babbar. Baturen ya ce wannan dabara ce mai kyau. Da albasa Malam ya koyar da mulki har gemunsa ya yi fari, kuma babu wanda ya sake kai ƙararsa. In an tashi, Dije takan zuba hukumar duka a miya.