Ranar da na hana kawuna kwaɓa siminti da ruwan tabki

Shekarun baya, ina aji biyu a karatun gine-gine a Zinder, na dawo bakansi, wato hutu, ƙauyenmu kusa da Dungas. Na tarar ƙorama ta cinye gaɓar bayan gidanmu, saura taku huɗu ta kai ɗakin mahaifiyata. In aka ƙara damina ɗaya kawai, ɗakin ya tafi.

Kawuna magini ne, ya fi shekara talatin yana aikin. Ya samo dogayen ƙarafa shida daga Magariya, ya ce a kakkafa su a bakin gaɓar, a jera buhunan yashi a baya, shi ke nan.

Na ce, "Kawu, ƙasar nan kanwa gare ta. Ƙarfe tsirara tsatsa za ta cinye shi. Sai a yi rami mai zurfi, kashi biyu na ƙarfen a ƙasa, ɗaya a sama, a lulluɓe shi da kankare."

Ya kalli kayen da ke hannuna, littafin da nake rubutu ciki, ya ce, "To injiniyan bik da takarda. Bulo nawa ka taɓa ɗorawa?"

Ko ɗaya, jama'a. Amma na yi mirsisi.

Da ƙyar ya yarda da ramin. Rigimar gaske ranar kwaɓi ta tashi. A garinmu ruwan rijiya na sha ne, aikin gini duk da ruwan tabki ake yi, haka aka saba tun ana ginin laka. Shi kuwa tabkin nan kanwa ce zalla, har fari-fari yake yi a baki. Ina ganin an kawo jarkoki na haye kan buhun siminti na zauna.

"Sauka, ɗan nan."

"Kawu, ka yi haƙuri, ba na sauka. Abin da muke ɓoye wa ƙarfen shi za mu zuba masa da hannunmu?"

Ya juya wajen mahaifiyata: "Yaya, kin ga abin da bokon lakwal ya mayar miki da ɗa?"

Ta ce, "Ni dai ɗakina nake so. In ruwan rijiya yake so, ga amalanke can, ya ɗebo da kansa."

Sawu tara na yi, ni da jaki. Matan bakin rijiya suka samu abin dariya, wai ga mai shayar da siminti ruwan sha. Tafin hannuna ya yi kanta, sati guda ko waya ba na iya dannawa, ku da kuka san ni kun san wannan azaba ce.

Damina biyar ke nan yanzu. Ƙorama ta zo ta yi haukanta, ta kwashe buhunan yashin sau biyu, ginshiƙan ko gezau. Mahaifiyata na nan cikin ɗakinta.

Kawu kuwa in baƙo ya zo sai ya kai shi bayan gida ya ce, "Aikina ne." Na bar masa, hannunsa ne ya zuba. Amma ko gobe aka kawo jarkar tabki, kan buhun nan zan koma in zauna.